Maijegon Da Nono Ya Ƙi Zuwa

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwar ɗan Adam, daidai bayan karan hanci, akwai wata 'yar halitta wadda ba ta wuce girman ƙwayar wake ba, nauyinta kuwa kimanin rabin giram. Masana suna kiranta fituwitari. Tana zaune cikin wani ramin ƙashi mai siffar sirdin doki. Daga nan take sakin sinadarai masu kai saƙo ta cikin jini, wato homon, waɗanda ke tafiyar da girman jiki, da haila, da kawo ruwan nono, har da aikin halittar tayirod ta maƙogwaro.

Idan homon na girma ya yi yawa tun ƙuruciya, tsawo kan wuce misali, kamar na Ba'amurke Robert Wadlow wanda ya kai santimita 272 kafin rasuwarsa a 1940. Amma a ganina cutar da ta fi shafarmu a Gusau da Tsafe da Bunguɗu ita ce wadda likitan Ingila Harold Sheehan ya bayyana a 1937.

Ga yadda abin yake. A lokacin goyon ciki fituwitari takan ƙara girma domin shirin shayarwa, saboda haka buƙatarta ta jini takan ƙaru. To, idan mace ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa har bugunsa ya faɗi, sai wani sashe na halittar ya mutu don rashin abinci da iska. Alamar farko ita ce nono ya ƙi zuwa. Daga baya haila ta ɗauke, gashin hamata ya zube, ga kasala da jin sanyi ko da a tsakiyar bazara. Da yake alamun a hankali suke bayyana, wata sai ta shekara goma ana cewa sammu ne ko iskoki, alhali gwajin jini zai iya nuna gaskiya. Abin da ya mutu ba ya farfaɗowa, amma likita kan maye gurbin homon ɗin da ƙwayoyi, maijego ta koma harkokinta, muddin ba ta daina sha ba.

Wani abin mamaki, allurar oksitosin da ake yi wa mace bayan haihuwa don mahaifa ta tsuke jini ya tsaya, kwaikwayo ce ta homon ɗin da ita fituwitarin ke saki. A 2023 aka buga sakamakon wani bincike a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, Kano, take cikin jagororinsa. An nuna cewa shimfiɗa leda mai ma'auni don auna jinin da ya zuba, tare da haɗa magunguna nan take, ya rage mummunar zubar jini da kimanin kashi 60 cikin 100.

Malamai, ku shaida wa ɗalibanku: duk maijegon da ta sha zubar jini, sannan nono ya ƙi zuwa, a kai ta Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, a kuma gaya wa likita labarin haihuwar tun daga farko.