Numfashin Injin Mota da Dokar Hayaƙi a Kalifoniya

A duk lokacin da fetur ya ƙone cikin silinda, wani ɓangare na hayaƙin yakan sulale ta gefen fistan ya gangara ƙasan injin, inda baƙin mai yake. Idan bai sami mafita ba, sai ya gurɓata man, ya kuma haddasa yoyo.

A da, bututu ake sa wa injin domin ya fitar da hayaƙin waje. Daga motocin 1961 ne aka fara amfani da bawul ɗin PCV a jihar Kalifoniya ta Amurka, wanda yake mayar da hayaƙin cikin injin ya sake ƙonewa. Sai dai hayaƙin yakan taho da tururin mai, wanda kan daskare a kan bawulolin shigar iska. Wannan ne ya sa wasu masu motoci suke ɗaura gwangwanin tace mai a jikin tiyon.

Abin lura a nan shi ne, binciken hayaƙi da jihar ta fara a 1984 ya haɗa da duba wannan hanya da ido. Gwangwanin da ke sakin hayaƙi waje ya rushe manufar dokar, saboda haka mota takan faɗi binciken.