Rumbun Mai Albashi

Tun ina yaro na ga mahaifina yakan ware rumbu guda, ba ya buɗe shi sai tsakiyar damina, sa'ad da hatsi ya yi tsada. Mu malamai albashi shi ne gonarmu, ga shi kuwa wani lokaci yakan makara. To, nawa ya kamata magidanci ya ajiye saboda ɓacin rana?

Ga yadda nake lissafi. Ka haɗa abin da ya zama tilas a wata, watau abinci, haya, magani da kuɗin makaranta, ka ninka sau 3. In naira 80,000 ne, tanadinka 240,000 ke nan. Mai iyali da yawa gara ya ninka sau 6.

Kada yawansu ya firgita ka, da yayyafi kogi kan cika. In kana cire 10,000 ranar albashi, kafin cefane, cikin shekara 2 ka gama.

Adashi yana da amfani, amma ciwo ba ya jiran ranar kwasarka. Ragon Layya da biki kuwa an san zuwansu, kada a buɗe musu rumbu. 'Yan'uwa, mu yi daidai ruwa daidai tsaki, kada mu ci albashin gobe tun yau.