Amanar Rayuka a Hannun Direba: Bayani a kan Tuƙi Cikin Maye da Gafala

 Ya ku ƴan'uwa Musulmi masu saurare, darasinmu na yau ya shafi wata fitina da ta shiga kusan kowane gida, wato haɗarin mota da babur wanda maye ko gafalar direba ke jawowa. Za mu bayyana yadda abin yake faruwa, da sababansa, da hukuncin shari'a a kan wanda rai ya salwanta a hannunsa, da abin da ya wajaba a kan kowannenmu.

Ku sani, Allah ya yi muku rahama, cewa malaman usulu sun tara manufofin shari'a cikin kiyaye abubuwa biyar: addini da rai da hankali da zuriya da dukiya. Wanda ya sha abin maye sannan ya kama sitiyari ya taɓa biyar ɗin a lokaci guda. Ya saɓa wa addininsa, ya gusar da hankalinsa, ya jefa ransa da rayukan mutane cikin halaka, ya sa ƴaƴan wasu cikin maraici, ya kuma lalata dukiyar da aka ba shi amana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa kusan mutum 1,190,000 ke mutuwa kowace shekara a kan hanyoyin duniya, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. In aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki yawan wannan mutuwa, alhali ita ce ta fi ƙarancin motoci. Duk mai bin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Dosso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni da Madawa da Maraɗi da Tasawa har Damagaram ya san gawarwakin motocin da ke kwance a gefen gudro.

Mu fara da maye. Allah Maɗaukaki bai haramta giya a tashi ɗaya ba. A cikin suratul Baƙara, aya ta 219, ya nuna cewa zunubinta ya rinjayi amfaninta. A cikin suratun Nisa'i, aya ta 43, ya hana yin salla cikin maye. Sannan haramci yankakke ya sauka a cikin suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91. Ku dubi mataki na biyu da kyau. An hana mai maye tsayuwa a salla saboda bai san abin da bakinsa ke faɗa ba, alhali yana tsaye wuri guda a kan tabarma. To ina ga wanda ke jan ƙarfe mai nauyi, cike da bayin Allah, a guje?

Likitoci sun bayyana abin da giya ke yi wa mai tuƙi. Tana jinkirta saƙon da ke tsakanin ido da ƙwaƙwalwa da ƙafa, sai ya ga amalanken jaki a gabansa amma ƙafarsa ta makara wajen taka birki. Tana ƙuntata gani, sai ya daina lura da abin da ke fitowa daga gefe. Tana ɓata ƙiyasin nisa, sai ya ɗauka motar da ke tahowa tana da sauran tazara, ya fita don ya wuce ta gabansa. Mafi muni kuma, tana cire tsoro daga zuciya, sai mutum ya ji ya fi kullum ƙwarewa a daidai lokacin da ya fi kullum rauni. Wasu suna cewa shayi mai ƙarfi ko goro ko wanke fuska da ruwan sanyi na warware maye. Wannan ruɗi ne. Hanta ce ke tace giya daga jini, a hankali take aikinta, kuma babu abin da ke gaggauta ta. Wanda ya sha da tsakar dare zai iya wayar gari da sauranta a jininsa.

Wani zai ce, Malam, mu a garinmu ba a shan giya a fili. Haka ne, amma illar haramcin ita ce gushewar hankali, don haka hukuncin ya hau kan duk abin da ke gusar da shi, ko an kira shi burkutu ko wiwi ko sholisho ko ƙwaya. Babbar musibar samarinmu a yau ita ce tramol. Asalinsa maganin ciwo ne mai tsanani wanda likita ke rubutawa da awo, ƙwaya ɗaya mai miligiram 50. Wanda ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya kuwa akwai mai 120, akwai mai 225, ana sayar da shi a tire tare da alewa. Ɗan kabu-kabu da karen mota da direban dogon zango suna sha don kada su ji gajiya. Gajiyar tana nan cikin jiki, jin ta kawai aka toshe. In an yawaita shi yana kawo jiri da gyangyaɗi, yana kuma jawo jijjiga irin ta farfaɗiya ba tare da wata sanarwa ba. Ku auna abin da zai faru in wannan jijjiga ta kama yaro yana kan babur, da mace mai goyo a bayansa. Haka nan wasu magungunan halal na mura da tari suna sa barci, don haka direba ya tambayi likita kafin ya sha ya kama hanya.

Sai gafala, wadda ta fi maye yaɗuwa domin tana kama har mutanen kirki masu salla a sahun farko. Babban sababinta a wannan zamani shi ne wayar salula. Ga lissafi mai sauƙi. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 cikin daƙiƙa guda ta bugun agogo, wato sakan ɗaya. In direba ya sunkuyar da kai sakan 5 don ya duba wanda ya kira ko ya buɗe saƙon WhatsApp, motar ta ci mita 125 ba mai kallon hanya, tsawon da ya wuce filin ƙwallo. A cikin wannan tazara saniya na iya hawa gudro, yaro mai talla na iya tsallakawa, rami na iya bayyana. Hukumar lafiya da muka ambata ta ce mai amfani da waya yana tuƙi ya ninka wanda ba ya amfani da ita kusan sau 4 wajen yiwuwar yin haɗari. Ko wanda ya sa abin saurare a kunne bai kuɓuta ba, domin idonsa na kan hanya amma zuciyarsa tana wurin cinikin da ake yi da shi a waya.

A wannan wata mai alfarma akwai wasu nau'o'in gafala da ya kamata mu ambata. Na farko, barci. Mutum ya raba dare yana tahajjudi, ya yi sahur, ya kama hanyar Yamai zuwa Damagaram mai kusan kilomita 900 bai runtsa ba. Barci ɓarawo ne, yana sace mutum na sakan biyu ko uku idonsa a buɗe bai sani ba. Tahajjudi nafila ce, kiyaye rayukan fasinja kuwa farilla ce, kuma ba a tozarta farilla don nafila. Na biyu, gudun gab da magariba, lokacin da kowa ke son ya sha ruwa a gidansa, ga yunwa ga ƙishi ga saurin fushi, ga rana ta sunkuyo tana dukan ido. Ɗan'uwa, aje dabino da gorar ruwa a motarka. In an kira salla ka raɓe gefe ka buɗe baki, ladanka cikakke ne. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Na uku, wanda ke buɗe Alƙur'ani a waya yana karantawa yana tuƙi don ya cika izifinsa na yini, ko yana laluben tafsiri a cikinta. Niyya mai kyau ba ta halatta jefa mutane cikin halaka. Ka kunna abin da za ka saurara kafin ka tashi, sannan ka aje wayar. Ku tuna kuma Allah ya sauƙaƙa wa matafiyi. A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda zai yi tafiyar ƙasaru, wato mil 48, kimanin kilomita 80, in ya fita kafin alfijir kuma ya kwana da niyyar ajiye azumi, ya halatta ya sha ya rama daga baya. Direban da ya san ƙishi na dushe masa gani, karɓar wannan rangwame ya fi masa.

Me ke kai mutum ga wannan hali? Direba ba shi kaɗai ke da laifi ba. Akwai mai mota ko mai babur da ke yanka wa yaronsa kuɗin yini wanda ba ya samuwa sai da gudu da hana ido barci, sai yaron ya koma ga ƙwaya. Akwai fasinja da ke zuga direba, suna yi masa gorin wata mota ta wuce su. Akwai uban da ke miƙa wa ɗan shekara 13 makullin babur yana alfahari. Akwai mai karɓar permi da kuɗi bai koyi tuƙi ba, da wanda ya sayar masa. Akwai samarin da ke wasa da babura wajen rakiyar amarya, manya na kallo suna dariya. Akwai mai sayar da ƙwaya a bakin tasha wanda ya san sarai abin da za a yi da ita. Kowane ɗayansu yana da kasonsa gwargwadon taimakon da ya yi a kan saɓo.

Yanzu ga hukunci, kuma nan ne mutane da yawa suke cikin duhu. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na takwas a ƙasar Burunai cikin 1414 bayan hijira, daidai da 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne na addini, domin hukuma ta sa su ne don maslahar jama'a. Ta kuma yanke cewa direba yana ɗaukar lamunin abin da ya lalata na rai ko jiki ko dukiya, sai in abin ya zo ta hanyar da ba shi da ikon kauce mata, ko wanda aka buge shi ne ya jawo. Ke nan tsayawa a jan wuta da kiyaye iyakar gudu da sa kaska da ɗaura bel duk suna cikin biyayyar da ake ba mutum lada a kanta.

Wanda ya kashe mumini bisa kuskure, suratun Nisa'i aya ta 92 ta ɗora abubuwa biyu. Na farko diyya, wadda malamanmu suka ƙayyade da raƙuma 100, ko dinari 1,000, wato fiye da kilo 4 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa, dangin mai laifi na wajen uba su haɗu su biya cikin shekara uku. Na biyu kaffara, wadda ke kan wuyansa shi kaɗai: ƴanta baiwa ko bawa mumini, in babu, kamar yadda yake a yau, azumin wata biyu a jere. Kowane rai da kaffararsa. Wanda mutum goma suka mutu saboda sakacinsa, azumin wata ashirin ne a kansa. Maye kuma ba ya zama uzuri, domin shi ya shigar wa kansa da shi, sai dai ya ƙara masa zunubin sha a kan zunubin kisa.

Al'adarmu ce in haɗari ya faru dangin mamaci su ce ƙaddara ce, sun yafe. Yafiya hali ne na masu daraja, amma a san iyakarta. Yafiyar magada tana sauke diyya, ba ta sauke kaffara, domin kaffara haƙƙin Allah ce. Kuɗin asiransi ma ba ya sauke ta. Haka nan diyya gado ce, kuma baffa ko kaka ba shi da ikon yafe kason marayu ƙanana don jin kunyar idon mutane. Game da ƙaddara, mun yi imani babu ran da ke mutuwa sai ajalinsa ya cika, amma ba a kafa hujja da ita don wanke sakaci. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci mai raƙuma ya fara ɗaure ta kafin ya dogara ga Allah, kuma ranar saukowa daga Arfa, da ya ji mutane suna dukan raƙuma suna gaggawa, ya yi musu nuni da su natsu. Wanda irin wannan abu ya taɓa faruwa da shi, ya je wurin malami masani ya faɗi yadda aka yi ba tare da ɓoye komai ba, don a tantance masa ko akwai sakaci ko babu. Ƙofar tuba a buɗe take.

Saboda haka, ya kai direba, ka duba birki da taya da fitila kafin ka tashi, ka yi barci isasshe, ka sa waya a aljihu, in kira ya zama dole ka raɓe ka tsaya. In ka ji hamma ta yawaita ko ka kasa tuna ƙauyen da ka wuce yanzu, ka tsaya ka kwanta ko da na rabin awa ne. Ya kai fasinja, in ka ga idon direba ya juye ko ka ji wari a bakinsa, ka faɗa wa shugabannin tasha, ka ƙi shiga. In yana waya a kan hanya ka yi masa magana da ladabi, sauran fasinja kuma su goya maka baya, in ya ƙi ku sanar da jandarmomi a shinge na gaba. Yin haka hani ne da mummuna. Ya kai mai kiran ɗan'uwanka, in ka ji ƙarar mota ka ce masa sai ya sauka, ka kashe. Iyaye kuma, wanda ɗansa ya faɗa cikin ƙwaya kada ya kore shi ko ya tsine masa. Ya karɓe makullin babur, ya kai shi asibiti, domin daina tramol farat ɗaya yana da wahala kuma yana buƙatar kulawar likita. Azumi ya riga ya nuna wa yaron cewa yana iya haƙuri daga alfijir zuwa magariba, sai a taimake shi ya ɗora a kai.

Allah ya tsare matafiyanmu, ya shiryi samarinmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka rasu a kan hanya, ya rufa wa marayunsu asiri, ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu. Allah shi ne mafi sani.