Ƙungiyoyin Matuƙa Kayak: Tsaron Rai da Kiyaye Gaɓar Teku

Gabatarwa

Kayak wani siririn kwalekwale ne da mutum ɗaya ko biyu ke tuƙawa da filafili mai baki biyu. Samansa a rufe yake, sai ɗan ramin da matuƙi ke zura ƙafafunsa ya zauna. Asalinsa daga al'ummar Inuwit ne da maƙwabtansu, mazauna yankunan ƙanƙara na Girinlan da Kanada da Alaska, waɗanda ke haɗa ƙwarangwal ɗinsa da itacen da teku ya turo gaɓa, su lulluɓe shi da fatar sil, wata dabbar teku mai kama da ayu. A yau ana ƙera shi da roba, kuma dubban mutane a Turai da Amurka na shiga teku da shi don motsa jiki da buɗe ido. Wannan maƙala za ta dubi abin da ya sa matuƙan ke kafa ƙungiyoyi a garuruwansu, da amfanin da su da gaɓar teku ke samu daga hakan.

Abin da Teku Ke Buƙatar Matuƙi Ya Sani

Abu na farko shi ne sanyi. Ruwa na zuƙe zafin jiki da saurin da ya ninka na iska kusan sau 25. Idan mutum ya faɗa ruwan da bai kai digiri 15 a ma'aunin Salshiyas ba, cikin minti na farko numfashinsa kan ƙwace masa, ya ja iska da ƙarfi ba da nufinsa ba; in kansa na cikin ruwa a lokacin, to ruwa zai shaƙa. Bayan 'yan mintoci yatsu da hannuwa su sandare, har riƙe igiya ya gagara. Daga baya zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, hankali ya soma gushewa.

Abu na biyu shi ne cikar teku da janyewarsa, wanda jan wata da na rana ke haddasawa. A yawancin gaɓoɓi akwai kimanin awa 12 da minti 25 tsakanin cika da cika. Ruwan ba ya hawa da sauri ɗaya: rabin dukkan hawan yakan auku ne a awa ta uku da ta huɗu cikin awa shida da yake ɗauka. A mashigai masu ƙunci, gudun ruwan kan fi ƙarfin damtsen matuƙi. Sanin wace mashiga ce ke tafasa a wane lokaci ilmi ne na 'yan gari, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

An ga illar rashin wannan sani a Lyme Bay, kudancin Ingila, ranar 22 ga Maris, 1993. Ɗalibai takwas da malaminsu da masu koyarwa biyu marasa ƙwarewa suka fita gajeriyar tafiya a kusa da gaɓa. Iska mai tasowa daga tudu ta kora su cikin teku, jiragen suka cika da ruwa, aka kuma yi jinkirin sanar da masu ceto. Ɗalibai huɗu suka rasu. Wannan ne ya sa majalisar Birtaniya ta yi dokar 1995 da ta wajabta lasisi ga cibiyoyin da ke kai yara irin waɗannan wasanni.

A ƙungiya, sabon shiga ba ya fita shi kaɗai. Ana koya masa fita daga jirgin da ya kife, da yadda abokan tafiya biyu za su zubar da ruwan jirginsa su mayar da shi ciki, da karanta jadawalin cikar teku da hasashen yanayi. Akan kuma ara masa jirgi da rigar ceto, don tsadar kaya kada ta hana shi koyo.

Girinlan: Yadda Ƙungiya Ta Ceto Ilmi

A tsakiyar ƙarni na 20 jiragen inji suka maye gurbin kayak a farautar Girinlan, har ya zamana masu iya ƙera shi da tuƙa shi tsirarun dattawa ne. A shekarun 1980 aka nuna wasu tsofaffin kayak uku da aka aro daga Holan a gidan tarihi na birnin Nuuk. Ganinsu ya zaburar da matasa, suka kafa ƙungiyoyi a garuruwansu, waɗanda suka haɗu a ƙarƙashin uwar ƙungiya mai suna Qaannat Kattuffiat. Suka nemi dattawa irin su Manasse Mathaeussen suka zauna gabansu. A gasar ƙasa da suke shiryawa ana gwada dabaru fiye da 30 na tayar da jirgin da ya kife ba tare da matuƙi ya fita daga ciki ba, wasu da filafili, wasu da hannu kawai. Kowace dabara amsa ce ga wani haɗari da mafarauci kan gamu da shi. Da dattawan sun ƙare kafin matasan su farga, da ilmin ya bi su kushewa.

Kiyaye Gaɓa

Sai dai fa kayak kansa na iya zama ɓarna. Saboda ba ya ƙara kuma yana shiga ruwa marar zurfi, yakan kai inda jirgin inji ba ya kaiwa. Masu nazari sun lura cewa sil da ke hutawa a kan duwatsu sukan firgita da kayak, su ruga cikin ruwa, uwa ta rabu da ɗanta. Haka tsuntsun teku in an tashe shi daga sheƙa, ƙwansa ya yi sanyi ko wani tsuntsu ya fasa. Matuƙin da ba a faɗa wa ba, sai ya yi wannan ɓarna yana tsammanin kallo kawai ya yi. A ƙungiya ne ake koyon ba dabba tazara, da kauce wa tsibiran da tsuntsaye ke ƙyanƙyasa daga bazara zuwa ƙarshen lokacin zafi.

Kyakkyawan misali shi ne Maine Island Trail Association, wadda aka kafa a 1988 a jihar Maine ta Amurka. Tana kula da hanyar ruwa mai tsawon kimanin kilomita 600, wadda ta haɗa tsibirai da masaukai fiye da 200. Da yawa daga cikin tsibiran mallakar mutane ne, waɗanda suka amince baƙi su sauka saboda alkawarin da 'yan ƙungiyar suka ɗauka na kula da wurin. 'Yan sa-kai na kewayawa suna kwashe shara, suna rubuta halin da kowane tsibiri ke ciki. Da yake ƙasar tsibiran ba ta da kauri, ƙa'ida ce mai sauka ya tafi da dukkan abin da ya zo da shi, har da bayan gidansa.

Aikin kwashe shara ba ƙarami ba ne. Wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2015 ya ƙiyasta cewa tan miliyan 4.8 zuwa 12.7 na roba ne suka shiga teku daga tudu a shekarar 2010 kaɗai. Wani kaso nasa kan maƙale a lunguna da kogunan dutse da mai tafiya a ƙasa ba ya isa, jirgin inji kuma ba ya iya raɓa. Nan ne kayak ke da rana.

Kammalawa

Darasin da ɗalibi zai ɗauka shi ne, kiyaye muhalli na buƙatar mutanen da ke komawa wuri guda shekara da shekaru, su lura, su rubuta, su kuma koya wa na baya. Baƙon da ya zo sau ɗaya ba zai gane cewa sheƙun bana ba su kai na bara ba. Ɗan ƙungiya zai gane, kuma yana da waɗanda zai kai wa labari. Malamai na iya gwada wannan da ƙungiyar kimiyya ta makaranta: a zaɓi rafi ko tafki ɗaya, a riƙa ziyartarsa kowane wata, a ajiye littafin abin da aka gani, sannan a miƙa shi ga 'yan ajin da ke tafe.