Gadar Kirifto: Su Wa Ke Riƙe da Makullai?

Mu fatake mun san harkar 'yan canji: ka ba da sidi a Kumasi, a ba ka naira a Kano, amana ce kawai. Haka gadar kirifto take. Tsarin Ethereum da na Ronin ba sa jin yaren juna, sai gada ta kulle kuɗinka nan, ta ba ka madadinsu can. A Maris 2022 ɓarayi suka mallaki makullai 5 cikin 9 na gadar Ronin, suka kwashe sama da dala miliyan 600. Kwana 6 ba wanda ya farga. Shi ya sa nake gaya wa yarana masu biyan kaya da USDT: ku fara bincika su wa ke riƙe da makullan, kuma kada jarinku ya kwana a gada.