Iskar jamen: Yadda ake samar da ita ta hanyar lantarki

A ranar 1 ga Agusta, 2023, ƙasar Sin ta fara taƙaita fitar da ƙarfen jamaniyam zuwa waje, kuma a Disamba 2024 ta haramta sayar wa Amurka. Sin ce ke tace mafi yawan wannan ƙarfe a duniya, saboda haka kamfanonin da ke haɗa ƙwaƙwalwar waya da kwamfuta suka shiga lissafin kowane giram.

Da yawa daga cikinsu ba dunƙulen ƙarfen suke buƙata ba, iskarsa suke so. Ana kiranta jamen: ƙwayar jamaniyam ɗaya haɗe da ƙwayoyin haidurojin huɗu. Idan aka hura ta a kan faifan silikon mai zafi sai ta wargaje, ta bar wani siririn shafe na jamaniyam da ke ƙara wa na'urar sauri.

An saba samar da ita ta hanyar zuba sinadarin sodiyam borohaidurayid a kan garin jamaniyam. Hanyar lantarki ta sha bamban. Ana narkar da garin a cikin ruwa mai ƙarfin alkali, a tsoma faranti biyu na ƙarfe, a sakar masu wuta. A jikin farantin da ake kira katod ne jamen ke tasowa kamar kumfa.

Matsalar ita ce ruwan da kansa yana rububin wutar. Kaso mai yawa na lantarkin yana tafiya wajen fasa ruwa, haidurojin zalla ya fito. Wani lokaci kuma jamaniyam ɗin ya manne a jikin farantin maimakon ya zama iska, aikin ya ja baya. Shi ya sa irin ƙarfen farantin ya zama abin da masu bincike suka fi mayar da hankali a kai. An gwada nikel, daga baya aka juya ga ƙarafa masu gami, irin su tagullar da ake haɗawa daga jan ƙarfe da kuza, domin neman farantin da zai daɗe yana aiki ba tare da wutar ta salwanta ba.

Raba iskokin biyu ba wuya: jamen na zama ruwa a maki 88 ƙasa da sifili, haidurojin kuwa sai wajen 253.

Ajiyarta ce abin tsoro. Tana kama wuta nan da nan, kuma shaƙarta na fasa jajayen ƙwayoyin jini har ƙoda ta taɓu. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake sha'awar hanyar lantarki, domin da zarar an katse wutar, iskar ta daina fitowa.