Daga gefen gadon majinyaci zuwa duba kundi: Wata fuskar aikin jinya a kudancin Jigawa

A Birnin Kudu, garin da ke da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da kuma kwalejin horas da ma'aikatan jinya, an saba ganin malamar jinya cikin fararen kaya tana ɗaura ƙarin ruwa ko tana karɓar haihuwa. Amma akwai wadda ta ajiye wannan, ta koma aikin sa ido kan bin ƙa'idojin kiwon lafiya.

Mutane kan ce ta samu hutun ofis. Aikin kuwa ba na zama ba ne.

Me take dubawa?

Idan ta isa ƙaramin asibiti a Sara ko Basirka da ke Ƙaramar Hukumar Gwaram, firijin rigakafi take fara buɗewa. Dole sanyinsa ya tsaya tsakanin maki 2 zuwa 8, kuma a rubuta awon safe da yamma. Sai ta duba ranar lalacewar magunguna, da inda ake zuba alluran da aka yi amfani da su, da lasisin ma'aikata, da rajistar masu awon ciki.

A nan shekarun da ta yi a ɗakin marasa lafiya ke yi mata rana. Wadda ta kwana tana lura da mai naƙuda takan gane takardar da aka cika a kan lokaci, da wadda aka cike a gurguje don an ji masu bincike na tafe.

Dalilin da aikin ya yi nauyi

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Manufar ita ce kowace mazaɓa ta samu asibiti guda mai aiki, Jigawa kuwa na da mazaɓu 287.

Sai dai kuɗin na tafe da sharaɗi. Asibitin da bai kawo bayanin yadda ya kashe na baya ba, na gaba kan makale. In ya makale, mai juna biyun da ke ƙauye ita ke biya daga aljihunta, ko ta haƙura ta haihu a gida.

Giɓin da ta bari

Sauyin na da tsada. A 2024 Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta ce ma'aikatan jinya kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Don haka duk ƙwararriyar da ta bar ɗakin kwanciya, abokan aikinta ne ke ɗaukar kwanan aikinta.

Ga kuma nauyin zumunci: wadda za ta rubuta wa gyara, wataƙila ajinsu ɗaya a makaranta. Idan ta kau da kai, majinyaci ne zai ɗanɗana. Idan ta rubuta, gaisuwa na iya yin sanyi.